Neman shawara: wace unguwa ce hayar gida ke da sauƙi a Zariya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ciki da falo muke haya a Tudun Jukun, ni da iyali da yara 3, ga shi kuma mahaifiyata za ta dawo wurina saboda ganin likita. Dole sai ɗaki biyu da falo mai banɗaki a ciki, tsohuwa ba za ta iya layin gidan yawa ba. Ƙarfina N400,000 ne a shekara, har da la'adar dillali a ciki. Ina koyarwa a Tudun Wada, maiɗakina tana karatu a reshen jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, don haka Samaru ta yi mana nisa, don Allah kada a kawo ta. Hankalina ya fi karkata ga Gyallesu, Ɗan Magaji ko Wusasa. Wanda ya taɓa zama a ɗayansu ya gaya mini yadda ruwa da wuta da kuɗin keke suke. Hayata za ta ƙare ƙarshen watan gobe.

Ɗan Hayin Dogo: Wa alaikumus salam. Malam ka taho Samaru kawai. Ga kasuwa, ga makarantun yara, ga abin hawa har dare.

Maman Hanif: Bawan Allah ya ce kada a kawo Samaru, kai kuma da ita ka buɗe baki. Kuma wane sauƙi ne a Samaru? Ɗalibai 4 su haɗa kuɗi su kama fulat, mai iyali ba zai iya ja da su ba. Sauƙin da na sani a can sai lokacin yajin aikin 2022, da aka yi wata 8 jami'a na rufe, masu gida suna roƙon mutane.

Abu Sumayya: Gyallesu ta dace da kai, maiɗakinka ma da ƙafa za ta riƙa shiga Kongo. Ɗaki biyu da falo na kama a can N250,000, da tayil da rijiya a tsakar gida.

Ɗan Gyallesu: Yaya Abu, a wace shekara? Faɗi tsakaninka da Allah.

Abu Sumayya: 2019. Amma ai ba zai wuce ƙarin dubu 50 ba.

Ɗan Gyallesu: To ka ji. Mutum yana zaune a Abuja yana yanka mana farashin Zariya. A layinmu wata 2 da suka wuce aka bayar da irinsa N550,000, kuma rububinsa aka yi. Duk inda ɗalibin Kongo ko na kwalejin ilimi zai iya takawa da ƙafa, kuɗinsa ya tashi.

Maman Hanif: Ƙanwata tana Gyallesun nan, N380,000 take biya.

Ɗan Gyallesu: Tsohuwar 'yar haya ce, Hajiya. Ta fita yau ki ga abin da za a gaya wa mai shigowa.

Uwar Biyu: Ɗan'uwa, ni ba sunan unguwa zan ba ka ba, abin da ya same mu zan ba ka labari, ka ɗauki abin ɗauka. A watan Fabrairu muka kama gida, can gangare wajen rafin Kubanni. Fenti sabo fil, sili fari tas, har da ƙaramin fili a baya. Dillali ya ce N300,000, maigidana ya ce wannan rabo ne. Na lura bakin ƙofar falo an yi masa dakali mai tsawo, sai ka ɗaga ƙafa sosai za ka shiga. Na tambaya, dillali ya ce ado ne, yanzu haka ake yayi. Maƙwabciya kuwa da na shiga gaishe ta, na ga buhunan yashi jibge a zaure, ban kawo komai a raina ba.

Watan Agusta, tsakar dare, ruwa ya shigo. Ba ta ƙofa ya fara ba, ta banɗaki ya ɓullo, masai ya cika ya dawo mana ciki. Kafin maigida ya kunna fitilar waya ruwa ya kai ƙwauri. Tagwaye na goye ɗaya na rungume ɗaya, muka kwana a tsaye a shagon wani tela da ke tudu. Katifa 2, buhun masara, takardun makarantar maigida, kujerun aurena, duk suka tafi. Da gari ya waye fentin nan ya kumbura yana zubowa, sai ga tsohon layin ruwan bara ya fito a bango, daidai ƙugun mutum. Ashe shi aka rufe da fenti.

Mai gidan da muka same shi cewa ya yi ruwa na Allah ne, shi ma jarrabawa ce gare shi. Muka ce a dawo mana da kuɗin wata 6 da suka rage, ya ce ya riga ya sa a gini. Dillali kuwa ya daina ɗaga waya. Mai unguwa ya zaunar da mu sau da dama, ƙarshe aka ce mu yi haƙuri. Har yau kuɗin nan ko kwabo.

Baban Ummi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, 'yar'uwa.

Malam Na Ƙofar Doka: Allah ya kiyaye gaba. Amma Hajiya, da kun tambayi 'yan unguwa tun farko da ba a kai nan ba.

Uwar Biyu: Baba, mun tambaya. Wa zai tona asirin maƙwabcinsa ga baƙo? Kowa cewa ya yi lafiya lau. Ni dai yanzu ba na kama gida da rani. In kuma dole ce, ƙasan bango nake dubawa, in duba kwata, in tambayi yaran layi. Yara ba su iya rufa-rufa ba.

Maman Hanif: Kun rubuta takarda kuwa?

Uwar Biyu: Rasit kawai, a fallen littafin makaranta.

Bakanon Asali: Zage-zagi ke nan, gida ma sai an yi masa kwalliyar amarya kafin a nuna shi. Malam tattaro kayanka ka dawo Kano, mu ba ka ɗaki kyauta a zaure.

Ɗan Gyallesu: Bakano, kai da ka zo neman ilimi garinmu ka ƙi komawa? Ka fara biyan bashin mai shayin Kwangila tukuna.

Dillalin Gari: Jama'a a yi mana adalci. Sana'ata ke nan, kuma ba kowane dillali ne macuci ba. Malam, da N400,000 har da la'ada, maganar gaskiya gidan N360,000 kake nema, tunda kashi 10 ne namu. A Tudun Wada da Gyallesu da wuya. Wajen Ɗan Magaji da Wusasa za a samu, haka Dakace da Jushi idan ba ka ƙi nisa ba. Ka yi mini magana ta gefe, akwai guda 2 a hannuna.

Uwar Biyu: Haka wancan ma ya ce, akwai guda 2 a hannunsa.

Maman Hanif: Wanda zai ci la'ada ba shi ne mai ba da shawara ba. Kuma kashi 10 ɗin nan a baki ne kawai. Akwai kuɗin ganin gida, kowane gida ka biya ko ka kama ko ba ka kama ba. Akwai kuɗin lauya, alhali ba ka taɓa ganin lauyan ba. Akwai kuɗin ajiya wai ko za ka lalata wani abu, wanda ban taɓa jin wanda aka mayar wa ba.

Dillalin Gari: Hajiya, man babur ɗin da nake yawo da mutum unguwa-unguwa wa zai saya? Ni na fi ku sanin farashi, kullum a cikinsa nake. Ku kowa gidansa ɗaya ya sani.

Malam Na Ƙofar Doka: Ni an haife ni a cikin ganuwa, na aurar da 'ya'ya a nan. Yaro ka shigo birni. Ka samu dattijo ya tsaya maka, ba dillali ba la'ada, ga asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan saboda tsohuwa.

Ɗan Hayin Dogo: Baba, ku da kuke gidan gado ina kuka san zafin haya? Birni gidajen dangi ne, fulat mai banɗaki a ciki nawa ne a lungunan? Kuma sai an tambayi kakan kakanka kafin a ba ka makulli.

Nas Mai Dare: Akwai abin da ba wanda ya tambaya. Wane asibiti Mama za ta riƙa zuwa? Idan na koyarwa ne, yana Shika, kan hanyar Funtuwa, gaba da Samaru. Daga Wusasa sai ka sauya abin hawa kafin ka kai, kuma tsohuwa marar lafiya ba a ɗora ta a acaɓa, shatar keke za ka yi zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin ya sauya. Ni na bar gida mai araha a bayan gari na dawo Hanwa, hayar ta fi tsada amma Kwangila na kusa, mota ko ta ina akwai. Ka ɗauki biro ka haɗa kuɗin keken mutum 2 kullum, da na yara zuwa makaranta, ka ninka da wata 12. Rarar dubu 80 da ka samu a haya tana iya ƙarewa kafin babbar sallah.

Baban Ummi: Shika ne, duk wata sau ɗaya. Wallahi ban sa wannan a lissafi ba. Hanwa nawa ake samu?

Nas Mai Dare: Nawa N480,000.

Dillalin Gari: Hanwa babu na ƙasa da N600,000 yanzu.

Abu Sumayya: Hanwar? Da N200,000 abokina ya zauna a can.

Ɗan Gyallesu: Yaya Abu, don Allah ka huta.

Mai Kura: Duk inda za ka, ka leƙa rijiya da idonka, kuma ka tambaya ko tana kai watan Afrilu. Ƙasar Zariya dutse ne a ƙarƙashi, dubi Kufena can wajen Wusasa. Rijiyoyi da yawa ƙafewa suke kafin ruwan farko. Gida mai mutum 6 zai sha kura guda a kwana 2 idan ana wanki, kuma ranar da babu wuta masu burtsatse da janareto suke jawo ruwa, jarka ta ƙara kuɗi nan take.

Maman Hanif: Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wuta! Malam kada ka yarda da gidan da mita ɗaya ce ta haɗa kowa. Inda muke mu 5 ne a kan mita guda, ɗaya yana da injin markaɗe da firiza 2 yana sayar da ƙanƙara, amma in an zo rabon kuɗi daidai wa daida. Na yi magana aka ce na cika fitina.

Ɗan Hayin Dogo: Ku da kuke ganin wutar ma. Taransifomarmu ta ƙone tun kafin azumi, an bi gida-gida an karɓi N5,000, har yau shiru. Da aka tambayi kwamitin unguwa, wai kuɗin bai kai ba, a ƙara dubu 3.

Malam Na Ƙofar Doka: Wa ke riƙe da kuɗin? Ba a karɓar kuɗin jama'a sai da takarda da sa hannun mutum 3.

Uwar Biyu: Kuma 'yan haya ake fara bi, masu gida su ce ba su zaune a unguwar.

Dillalin Gari: Wannan kam ba laifin dillali ba ne, a rubuta a ajiye.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai jama'a. Amma har yanzu ban ji wanda ya zauna a Ɗan Magaji ko Wusasa da kansa ba. Akwai?

Ɗan Hayin Dogo: Maman Hanif, ku nawa aka karɓa a wurinku lokacin da taku ta ƙone? Ina so in kai wa kwamitinmu lissafi ranar Asabar.