Makaranta ta hana ɗana riƙe maganin asma a aji

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 8 yana aji uku a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano, kuma yana da asma. Tunda hunturu ya kama, kusan kowane mako sai ƙura ta tayar masa da ciwon. Likita ya ce maganin shaƙa na Ventolin, shuɗin nan, kada ya bar aljihunsa.

Makaranta ta ce a dokarsu yaro ba ya riƙe magani, sai dai a ajiye a ofishin hedimasta. Na kai. Ranar Talata ciwon ya tashi bayan an dawo daga tara, ofis a kulle, hedimasta ya fita da mukulli. Na tarar da yaron a baranda, numfashinsa na fita kamar usur, ko magana ba ya iya ƙarasawa. Malamarsa na yi masa fifita da littafi, ita ma hankalinta a tashe.

Na kai takardar likita, aka ce doka ce. Na roƙi a bar maganin a hannun malamar aji, ta ce tana tsoron ɗaukar alhaki.

Don Allah, wace hukuma ce a Kano za ta iya sa makarantar ta bar shi ya riƙe maganinsa?