Me zan fara saya idan ina son koyon haɗa kayan lantarki?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina sha'awar koyon haɗa ƙananan kayan lantarki, amma iya sanina canza batir ne kawai. An ce min in sayi Arduino, ƙaramin allon nan da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, in fara. Me kuka gani kafin in zuba kuɗina?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye Arduino tukuna, ba guduwa zai yi ba. Nemi multimita, wato mitar auna wuta, da allon gwaji mai ramuka wanda ake soka ƙafafun kaya ba sai an narka dalma ba, da ƙunshin rezista iri-iri masu rage gudun wuta, da LED, wato ƙaramar fitila, da batir mai bolt 9. Idan ka iya kunna LED ɗaya kuma ka san dalilin da ya sa bai ƙone ba, ka kama hanya.

Sadiq: Malam, wane dalili kuma? Ba sai in jona shi da batir ya kama ba?

Injiniya Rabi: Zai kama, sai dai ƙiftawa ɗaya zai yi ya mutu. Abu uku za ka riƙe. Bolt shi ne ƙarfin turawa, amfiya yawan wutar da ke wucewa, om kuma tsaurin hanya. Kamar ruwa a bututu: matsi, da yawan ruwan da ke gudu, da ƙuncin bututun. Georg Ohm ya buga dangantakarsu a 1827: bolt daidai yake da amfiya sau om.
Yanzu duba LED ɗinka. Ja yana cin kusan bolt 2, kuma bai kamata ya wuce miliamfiya 20 ba. Cire 2 daga 9, saura 7. Miliamfiya 20 amfiya 0.02 ke nan, sai ka raba 7 da 0.02, ka sami om 350, rezistan da kake buƙata. A jerin rezistan da aka saba sayarwa, 330 da 390 ne a kusa, sai ka ɗauki na sama. Ni 470 nake sa wa ɗalibai: wutar ta sauko kusan miliamfiya 15, haske ya isa, LED ya daɗe.

Malam Habu: Launin zoben da ke jikin rezista ke nuna om ɗinsa: 470 ɗin nan zobensa rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Na 1,000 ruwan ƙasa, baƙi, ja. Zoben zinare da ke gefe yana nufin zai iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Amma kada ka wahalar da idonka da haddar launi, ja da ruwan ƙasa suna rikita mutum a ɗaki mai duhu. Auna da mita kawai.

Nura: Ni fa ban yarda gaba ɗaya ba. Mutane da yawa lissafin nan ne ke korarsu tun a makon farko. Arduino ai don 'yan koyo aka yi shi, a Ivrea ta Italiya, wajen 2005. Ka rubuta layin umarni kaɗan, fitila ta riƙa ƙyaftawa, sai ka ji ƙarfin gwiwa. Sha'awa ce ke riƙe ɗalibi.

Injiniya Rabi: Da gaskiyarka a batun sha'awa, Nura. To amma ƙafar Arduino Uno bolt 5 take bayarwa, kuma miliamfiya 20 aka shawarta, 40 ita ce iyakar da ba a ƙetarewa. Ɗan koyo yana gama fitila sai ya ce bari ya jona ƙaramar mota, wato ɗan injin nan mai juyawa da wuta, kai tsaye. Nan ƙafar za ta tafi. Sai an sa tiransisto, makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, ya ɗauki nauyin, a kuma sa dayod, mai barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, kamar 1N4007 a kan motar ta juye, domin ya shanye wutar da ke dawowa idan an kashe. Ka ga ko da Arduino ɗin, sai an dawo kan waɗannan.

Nura: Na ji. To a haɗa biyun. Kafin kaya su iso ma, Sadiq, buɗe Tinkercad ko Falstad a burauza. Kana haɗa da'ira a allo, ta ƙone ba ka yi asarar komai ba. Na Falstad har ɗigo-ɗigo yake nunawa suna tafiya a waya.

Malam Habu: A kan mitar, ka kula da abu ɗaya. Baƙar waya kullum tana ramin COM. Ja tana ramin bolt da om. Auna bolt, taɓa gefe biyu na abin kawai. Auna amfiya kuwa sai ka yanke hanyar, ka sa mitar a tsakiya wuta ta bi ta cikinta, ka kuma mayar da jar waya ramin mA ko 10A. Idan ka gama, mayar da ita nan take. Wanda ya manta ya ɗora a kan batir, ya haɗa baki da baki ke nan, fiyus ɗin mita ya tafi. Kuma ka nemi mai ƙara idan waya biyu sun haɗu, ita za ka fi amfani da ita wajen neman inda hanya ta yanke.

Maryam: A ƙara masa kafasita, mai tara wuta na ɗan lokaci. Masu siffar gwangwani suna da gaba da baya: doguwar ƙafa ita ce fulos, layin da ke jiki yana nuna mainos. Aka juya ta, tana iya kumbura ko ta fashe. Ƙananan masu kama da ƙwayar magani ba ruwansu da juyi, kuma idan ka ga 104 a jiki, girmanta nanofarad 100 ke nan. Sannan don Allah kada ka buɗe maikurowef ko tsohuwar talabijin ka ce za ka ciro kaya. Kafasitocinsu suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum bayan an zare soket.

Injiniya Rabi: Haka ne, Maryam. Wutar bango ma a bar ta gaba ɗaya yanzu, batir ya ishe shi.

Nura: Idan kana son ƙyaftawa ba tare da kwamfuta ba, sayi ƙaramin cif ɗin nan NE555. Tun 1972 yake kasuwa, ƙafa takwas, rezista biyu da kafasita ɗaya ke saita masa sauri. Tiransisto kuma BC547 ko PN2222, amma jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne, duba takardar bayanin kowanne kafin ka soka.

Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙarfen narka dalma fa, in haɗa da shi yanzu?

Malam Habu: Bari sai ka haɗa abin da ya yi aiki a allon gwaji kana son ya zauna dindindin. Lokacin ka nemi mai wat 25 zuwa 40 mai siririn baki, da dalma 60/40 mai ƙaro a ciki. Ka yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu bayan ka gama.