A taimaka da shawara: wane obijektif zan ƙara wa kyamarata kafin biki?

Ɗan Garin Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon magana, kaina ne ya ɗaure. Kyamarar da nake aiki da ita ta yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya saye ta lokacin da yake bin wasu masu aikin rijiyoyi can wajen Tanut, da aikin ya ƙare ya haura Aljeriya, ya bar ta cikin akwatin Inna har batir ya kumbura. Ni a lokacin kabu-kabu nake yi, sai na yi hatsari, ƙafa ta ƙi komawa daidai, zaman gida ya ishe ni. Inna ce ta fiddo ta, ta ce in gwada ko Allah zai sa abincina yana nan. Alhamdu lillahi yanzu ana kirana suna da saukar karatu, wani lokaci har biki. Shi yayan da ya ji labari a waya cewa ya yi in riƙe amma kada in sayar, to wannan wata magana ce daban.

Matsalata hoton cikin ɗaki da na dare. Ko ya fito duhu, ko fuska ta yi dishi-dishi, ko ya cika da tsaki-tsaki. Kuma 'yan mata yanzu kowace cewa take a yi mata wanda baya ke narkewa. Inna ta kwashi adashinta ta ba ni jaka 120 na sefa in sayi obijektif, wato gilashin gaba. Bayan Sallah akwai auren 'yar ƙanwarta, an riga an gaya wa dangi ni ne mai hoto. In na kunyata ta ban san inda zan sa kaina ba. Wanne zan saya?

Mai Hoton Mata, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin akwati da batir, ba ka faɗi wace kyamara ba ce. Me aka rubuta a gabanta? Wane gilashi ke kanta yanzu?

Ɗan Garin Malam: Yi haƙuri Yaya. Canon ce, 600D, mai allon nan da ke juyawa. A bakin gilashin an rubuta 18-55mm, sai 1:3.5-5.6.

Tsohon Hannu: To magana ta ƙare. Yaro, je ka sayi 50mm f/1.8 na Canon, wanda aka rubuta STM a jikinsa, ka mayar wa tsohuwa canjinta. Ni tun ana kai fim wanki Kano nake wannan aiki, ba karantawa na yi a waya ba. Lambar nan 3.5-5.6 da ka kwafo, ita ce ciwonka. Faɗin ƙofar da haske ke shiga ke nan, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashinka in ka ja shi zuwa 55 don ka matso da fuska, ƙofar tsukewa take yi zuwa 5.6. Sai kyamara ta rasa haske, ta yi ɗayan biyu: ko ta daɗe ido buɗe har amarya ta motsa hoto ya gauraye, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, hoto ya cika da tsakin da kake kuka da shi. 600D ta 2011 ce, in ka kai ta 3200 kowa sai ya gani. A 1.8 kuwa hasken da ke shiga ya kusan ninka na 5.6 sau 10. Narkewar bayan da 'yan matan ke so ma daga nan take fitowa. Duk wanda ya ce maka wani abu daban, kayansa yake son sayar maka.

Mai Hoton Mata, Sabon Gari: Baba, da girmanka, ni ba ni da abin sayarwa, amma ba ka shiga ɗakin amarya, mu muke shiga. Sansar 600D, wato farantin ciki da ke kama hoto, ƙarama ce, kowace lambar mm ta gilashi sai an ninka ta da 1.6. Wato 50 ɗin nan a kanta 80 ne. A ɗakin da gado ya cinye rabi, kabet da jeren kwanuka suka cinye saura, ina zai ja da baya? Ni na taɓa manne bayana da bango, ƙafata ɗaya a kan tulin akwatuna, duk da haka amarya da ƙawa ɗaya kaɗai suka shiga, sauran sai kafaɗu. Kuma a 1.8 in ƙawaye suka yi layi biyu, na gaba su fito tas, na baya su narke tare da labule, gobe su zo suna cewa ka yi son kai. Ni da zan ba shi shawara, filas zai fara saye, mai kan da ke lanƙwasawa, ya harba shi sama silin ya dawo da haske mai laushi. In kuɗi sun ragu ya nemi 17-50mm f/2.8 na hannu, Sigma ko Tamron. Daga farko har ƙarshen zum ƙofarsa 2.8 ce, ninki 4 na hasken da yake samu yanzu a 55.

Tsohon Hannu: Filas a ɗakin da rufinsa azara ce ko kwano tsirara, me zai dawo da shi? Ƙafa ita ce zum ɗin mai hoto. A fito da amarya tsakar gida.

Mai Hoton Mata, Sabon Gari: Ranar lalle, gaban gwaggonni, ka ce a fito da ita? Allah ya ba ka haƙuri Baba.

Na Mirriya: Ni dai abin da zan ce, kowanne za ka saya na hannu, ka buɗe murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki. In ka ga wani zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, ajiye masa kayansa. Fumfuna ce, kayan da suka zauna a ƙasashen bakin teku suna yinta saboda laima. Ni haka aka yi mini, wani da muke gaisawa ya kawo mini daga Kwatano, a shago lafiya lau, da na fita rana sai hoto ya yi hazo. Na mayar masa ya rantse ni na lalata. Har gaban manya muka je, aka ce in yi haƙuri. Kullum mai ƙaramin ƙarfi ake ba haƙuri. Sannan ka rage cire gilashi a waje lokacin hunturu, ƙurar garin nan in ta hau sansa kowane hoto sai ka ga ɗigo a sararin sama.

Mai Studiyo, bakin Kasuwar Dole: Ku kuna ta lissafin haske, wa zai biya? Na yi wa wasu aiki tun daga kamu har buɗar kai, na wanke, na yi albam, har yau rabin kuɗina yana wurinsu, ango in ya hango ni sai ya sauya hanya. Kuma kana tsaye da kayan dubban ɗaruruwa, yarinya ta miƙo waya ta gabanka ta tare maka amarya. Bikin dangi ma ya fi muni, Allah ya yi albarka za a ce maka. Ƙanena, ka sayi tunkiya da kuɗin nan.

Ɗalibi a jami'a: Ni ina ganin kada ya zuba kuɗi a tsohon tsari. Tun 2018 Canon ta fito da sabon bakin ɗaura gilashi, RF, na kyamarori marasa madubi, can hankalinta ya koma. Ya tara ya sauya gaba ɗaya.

Tsohon Hannu: Da jaka 120? Kai ɗan lakkol, tsohon bakin EF tun 1987 yake, gilasansa sun cika duniya, shi ya sa talaka ke iya saye. Kuma 50 ɗin da na ce yana hawa sabbin da adafta, yana hawa manyan kyamarori irin 5D da 6D. Masu farin tabo mai kusurwa huɗu, wato EF-S irin 18-55 ɗinsa, su ne ba sa hawa manyan. A duba jan ɗigo a gindin gilashi, alamar EF ce, shi ke nan.

Ɗan Garin Malam: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba. Akwai wani abokin yayana da ke da 75-300mm na Canon, na riga na ba shi jaka 30 kafin alƙalami tun kafin in yi tambayar nan. Na gwada shi a kan hasumiyar masallaci daga ƙofar gidanmu, wallahi har tsagar jikin gini na gani. Na ce ko shi zai yi duka?

Mai Hoton Mata, Sabon Gari: Inna lillahi. Kai da ke kukan duhu? Wannan daga f/4 yake farawa ya ƙare a 5.6, ciwon nan dai ne ka sake saya. Kuma farkonsa 75, a kyamararka 120 ke nan. Ni da nake cewa 50 ya yi tsawo a ɗaki.

Tsohon Hannu: Yau dai ni da 'yata bakinmu ɗaya. Galibin irinsa ba su da IS, abin da ke riƙe rawar hannu. A 300 in ba ka kai saurin 1/500 na daƙiƙa ba, numfashinka ma sai ya fito a hoto. In dogo kake so dole, 55-250 mai IS ya fi shi kaifi. Je ka karɓo kuɗinka, ka sayi 50.

Ɗan Garin Malam: Baba ba gardama nake ba, amma ba biki kaɗai nake hange ba. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram dogarai ba sa barin mutum ya matsa, ga hawan ƙaho, wa zai kusanci bijimi da 50? Ga filin kokowa. Da rana ne duka, haske ba matsala. Kuma gaskiya in kana riƙe da dogon gilashi mutane sun fi buɗa maka hanya. An taɓa ture ni a wurin wani ɗaurin aure aka shigar da mai dogo, alhali ni aka kira. Mutumin kuma abokin yayana ne, yana gaida Inna, da wane baki zan ce ya maido?

Na Mirriya: Ka haska shi da fitila kuwa?

Ɗan Garin Malam: Ban haska ba, amma mutumin kirki ne, yana da jakarsa da murfinsa duka.

Mai Studiyo, bakin Kasuwar Dole: Hoton doki wa ke saye? Mahayin zai ce ka tura masa ta WhatsApp, ya sa maka hannu sama, shi ke nan.

Mai Hoton Mata, Sabon Gari: Tambaya ɗaya ƙanena. In ka cika masa kuɗinsa, nawa zai rage maka? In ya kai na filas ko na gilashin 50 na kamfanin Yongnuo, a rufa asirin bikin tukuna.

Tsohon Hannu: Yongnuo kuma? Ya yi ta farautar fuska cikin duhu yana ƙugi har a gama shafa fatiha. Ni na faɗi tawa.

Ɗan Garin Malam: Bai yanke mini kuɗin ƙarshe ba tukuna, ya ce sai ya dawo daga Magarya. Amma in na tsaya daga bakin ƙofa da 75 ɗin, aka kunna fitilu biyu a ɗakin, ba zai yi ba?

Wani daga Zango: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo tsakiya. Akwai mai cajar batirin 600D ta sayarwa? Tawa ta ƙone jiya da aka maido wuta.