Wane suna za mu raɗa wa "alienation" da Hausa?

1/ Jama'a, kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat. Turawan Ingila na ce mata alienation, amma a fagen falsafa asalinta Jamusanci ne, Entfremdung, daga fremd, wato baƙo ko bare. Karl Marx ya gaje ta daga Hegel, masanin falsafa Bajamushe, ya ɗora ta kan ma'aikaci a rubuce-rubucen da ya yi a Paris a 1844, yana da shekara 26. Ba a buga su cikakku ba sai 1932.

2/ Ku dubi ma'aikaci a masana'antar takalma. Tun safe ƙasan takalmi ke wucewa ta gabansa, ya shafa gam, ya tura, wani ya iso. Bai taɓa haɗa takalmi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Wanda aka gama ba nasa ba ne, saurin aikin ma inji ke yanke masa. Ransa ba ya dawowa jikinsa sai an tashi.

3/ Marx ya ce a wuri huɗu igiyar ke tsinkewa: tsakaninsa da abin da hannunsa ya yi, da aikin kansa, da baiwar ƙirƙira da ta bambanta mutum da dabba, da kuma 'yan'uwansa mutane.

4/ "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi" ta kama ɓangaren cin gumi kawai. A ganin Marx ko an ninka albashi, ciwon na nan.

5/ Kaɗaici bai yi ba, mutumin nan cikin ɗaruruwa yake. Wariya ta riga ta tafi ga launin fata da ƙabila. Baƙunta ta fi ba ni wahalar saki, don ita ce daidai da fremd, kuma Larabawa ma ightirab suka ce. Sai dai baƙo a bakinmu abin karramawa ne, kalmar tana da ɗumi.

6/ Ni dai na tsaya kan barentaka. Bare shi ne wanda ba shi da ta cewa a cikin gida. Ga ta kuma a ƙirar dangantaka, abin da ya yanke ke nan. Sai mu ce aiki ya mayar da shi bare ga abin hannunsa. A kula kada a haɗa ta da barranta, wadda mutum ke yi da son ransa.

7/ Saura kishiyarta, aikin da masu ra'ayin gurguzu Charles Fourier da William Morris suka yi fatan gani, wanda mai yinsa ke ganin kansa a ciki. "Aiki mai gamsarwa" ta yi mini sanyi. Malamai, me kuka gani?