Wane suna za mu ba "Space-A" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta gagare ni, na ce bari in kawo ta gaban manya. Sojojin Amurka suna da wani tsari da suke kira Space-A, wato Space Available a taƙaice. Jirgin soja zai tashi daga wani sansani, a ce Dover da ke jihar Delaware, zuwa Ramstein a Jamus, ɗauke da kaya da mutanen da aka tura aiki. In an gama lodi aka ga da sauran kujeru ba kowa, sai a ba sojan da ke hutu, ko iyalinsa, ko ɗan fansho, ya hau kusan kyauta. Rundunar da ke riƙe da harkar ita ce Air Mobility Command, wadda aka kafa a 1992, hedikwatarta na sansanin Scott a jihar Illinois. Bayani nake rubutawa saboda iyayen da 'ya'yansu ke aikin soja a can, don suna jin yaro ya ce zai hau jirgi kyauta, sai kuma a ji shiru. Na sa "tafiyar alfarma", amma raina bai kwanta da ita ba.

Ɗan Kamasho: Wa'alaikumus salam Malam. Ai wannan ba sai an je da nisa ba. Cikon jirgi ke nan. Mota ta kusa cika, saura mutum biyu, a ƙwala kira a samu ciko a tashi.

Baba Ɗan Fansho: Ɗana, ka kawo kusa amma ba ka iso ba. Ni na yi aikin, kuma tun da na ajiye kaki da wannan tsari nake yawo. A tasha mota ce ke jiran fasinja, ba ta motsi sai ta cika. A can jirgin bai san da zamanka ba. Ko da ba wanda ya zo, zai tashi a kan lokacinsa, don kaya ya ɗauko ko aiki aka tura shi. In ka ce ciko, mai karatu zai ɗauka ana neman matafiyin ne, alhali shi ne mai nema.

Alfarma kuwa, Malam, ka cire ta tun da wuri. A wurinmu in an ce alfarma, sai a tuna wanda ya san wani, ko wanda aka ɗaga wa waya aka tsallakar da shi layi. Wannan abu a rubuce yake, Ma'aikatar Tsaro ce ta fitar da ƙa'idarsa, lambar takardar 4515.13. An kasa matafiya rukuni 6. Na farko shi ne wanda gaggawa ta taso masa, kamar rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani a gida. Soja mai ci da ya ɗauki hutunsa na yau da kullum yana rukuni na 3. Mu 'yan fansho mu ne na 6, ƙarshen layi. A cikin kowane rukuni kuma, wanda ya riga sa suna shi ake fara kira, ana duba rana har da sa'a. Janar mai ritaya yana bayan kofur ɗin da ke hutu, kuma ba wanda zai ɗaga murya a kan haka. To ina alfarma a nan?

Malama Mai Koyar da Hausa: Baba ya yi gaskiya a kan alfarma. Ni abin da ya fara zo mini shi ne "rage hanya". Mai mota yana kan tasa tafiyar, ba don kai ya fito ba, ya ga da wuri ya ce shigo. Ba kuɗin mota, ba alkawari, kuma inda ya tsaya nan ka sauka. Kusan duk siffofin sun dace. A ce "jirgin rage hanya", ko tsohuwa a ƙauye ta ji ta gane.

Baba Ɗan Fansho: Malama, wannan ta yi mini daɗi, musamman da kika ce inda ya tsaya nan ka sauka. Haka abin yake. Jirgi zai iya yada zango a wani sansani, a ce an samu ƙarin kaya ko sojojin da aka tura aiki, sai a sauke ka a ba su wurin. Ba ka da bakin magana. Shi ya sa nake gaya wa yara, duk wanda ba shi da kuɗin tikitin jirgin kasuwa na dawowa a aljihu, da na masauki na wasu kwanaki, kada ya fara. Soja mai ci ya fi kowa shiga haɗari, don in hutunsa ya ƙare bai koma bakin aiki ba, ba a karɓar uzurin cewa jirgi ne bai samu ba.

Mai Fassara: To ko mu tsaya a kan rage hanya?

Alhaji Mai Gardama: Ku dakata, ranku ya daɗe. Rage hanya ba ta da layi, ba ta da rajista. Kana tsaye bakin titi ne, sa'arka ta kawo mai kirki. Baba kuwa yanzu ya gama gaya mana akwai rukuni shida da lissafin sa'a. In aka ce wa uwa ɗanta zai zo a jirgin rage hanya, za ta ɗauka shi ma yana iya rage wa ƙaninsa hanya. Ni da za a bi tawa, "jirgin ko-ta-kwana" za a ce, tunda mutum yana zaune ne da jakarsa a ɗaure.

Malama Mai Koyar da Hausa: Alhaji, ko-ta-kwana ta riga ta yi miji. Kullum a rediyo ana cewa an sa sojoji cikin shirin ko-ta-kwana. Ka haɗa ta da jirgin soja, mai sauraro zai zaci yaƙi ne ya taso. Amma batun ƙani da ka kawo muhimmi ne. Baba, ana ɗaukar dangi?

Baba Ɗan Fansho: Ba a ɗauka. Iyali a wurinsu shi ne wanda aka yi wa rajista a ƙarƙashinka aka ba shi katin shaida na soja, galibi mata ko miji da 'ya'ya. Ƙani, ɗan yaya, aboki, duk babu. Uwa ma sai in an tabbatar a hukumance cewa kai ke riƙe da ita an ba ta katin. Wannan, Malam, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe, don shi ne inda mutanenmu suka fi samun saɓani da 'ya'yansu.

Wani Ɗalibi: Gafarta malamai, ba za a ce "jirgin yawo" ba?

Alhaji Mai Gardama: Wannan ta alhazai ce yaro, waɗanda suka bi ta kamfani ba ta hukuma ba, kuma kuɗi suke biya mai tsoka. Bar ta inda take.

Mai Fassara: Bari in tattara abin da kalmar za ta ɗauka, ko za mu ga bakin zaren. Akwai jira. Akwai layi mai ƙa'ida. Akwai kuma rashin tabbas. Baba, ka ba mu yadda ranar tafiyar take, wataƙila kalmar tana ciki.

Baba Ɗan Fansho: To. Da farko kana sa suna a kowace tashar jirgin da kake tunanin za ka iya tashi daga cikinta, ta imel ko ta intanet ko ka je da ƙafarka. Ɗan fansho sunansa na zama kwana 60 a rajista, in ya wuce sai ya sake, ya koma baya. Don haka dabararmu ita ce ka sa suna tun saura kwana hamsin da 'yan kai, yadda ranar da za ka tafi sunanka ya tsufa amma bai mutu ba. Soja mai ci ba shi da wannan damar, ba ya sa suna sai ranar da hutunsa ya fara. Ka ajiye shaidar ranar da ka aika, ka buga ta a takarda in so samu ne.

Tashoshin suna fitar da jadawalin awa 72 masu zuwa: inda jirgi zai je, lokacin kiran suna, da yawan kujeru. Kusa da adadin za ka ga harafi. T na nufin hasashe ne, F na nufin an tabbatar. In ka ga 40T kada ka yi murna tukuna, yana iya komawa biyar, yana iya komawa babu, jirgin ma yana iya ɓacewa daga jadawalin gaba ɗaya ba wanda zai yi maka bayani.

Kafin kiran suna sai ka je kanta ka shaida musu ka iso, cikin awa 24 kafin lokacin. Wanda bai yi haka ba, ko sunansa ya fi na kowa tsufa, ba za a kira shi ba. Lokacin kiran kuma dole kana wurin da kowa naka da jakunkunanka da fasfo da katin shaida, soja mai ci da takardar hutunsa. Ba a cewa bari in koma masauki in ɗauko kaya. Za ka ga ɗakin ya yi tsit, ana kira daga rukuni na 1 ana gangarowa, mu na shida muna ƙirga kujerun da suka rage da yatsu a ɓoye. An kira mutum goma sha biyu, saura takwas, sai ka ga wani soja ya miƙe da mata da yara huɗu. Shi ke nan, ka san yau ba taka ba ce.

Kaya jaka biyu ne, kowace kada ta wuce fam 70, wajen kilo 32 ke nan, amma ƙananan jirage suna rage wa mutum sosai. Silifa ba ta shiga jirgin dakon kaya, sai takalmi sau-ciki. Jirgin dakon kaya ƙirar C-17 kujerunsa a jikin bango suke, kana fuskantar kayan da aka ɗaure da raga a tsakiya, ga sanyi ga ƙara. Suna raba abin toshe kunne, amma bargo da rigar sanyi da ɗan abin shimfiɗa naka ne, don in jirgi ya daidaita a sama sau da yawa ana barin mutane su miƙe a ƙasa. Ƙirar C-5 kuma kujerunsa a bene suke, sai ka hau tsani, kuma baya suke kallo. Wanda ke da ƙananan yara ya fi masa sauƙi ya nemi Patriot Express, jirgin shata ne irin na kasuwa, mai kujeru da abinci. Yana tashi daga Baltimore zuwa Ramstein, daga Seattle kuma zuwa Japan da Koriya ta Kudu. A nan ana biyan ɗan haraji, amma bai taka kara ya karya ba.

Sai lokaci. Daga Yuni zuwa Agusta ake yi wa sojoji da iyalansu canjin wurin aiki, ga hutun makaranta, haka ma ƙarshen Disamba. Ɗan rukuni na 6 da ya fito a lokacin, tsammanin warabbuka yake yi. Mu sai an koma makaranta muke fita.

Malama Mai Koyar da Hausa: Baba, ka faɗi kalmar ba ka sani ba. Duk labarin nan na mutum ne da ya sa suna ya zauna yana jira a samu wurin da ba kowa. Sunan wannan wuri gurbi. Muna cewa gurbin karatu, gurbin aiki, an cike gurbi, babu gurbi. Kowa ya san gurbi nema ake yi, ƙa'ida ake bi, kuma ana iya rasawa. A ce jiran gurbi.

Alhaji Mai Gardama: Me ya sa ba "rarar kujera" ba? Ita ce ta fi kusa da abin da Turancin ya faɗa.

Malama Mai Koyar da Hausa: Don rara tana sa mutum ya ji kamar an riga an ajiye masa, zuwa kawai zai yi ya ɗauka. Bature ya kalli abin ta wajen jirgi ya ce akwai wuri. Mu da za mu yi wa iyaye bayani gara mu kalle shi ta wajen matafiyi, shi kuwa jira yake yi. Sannan ka gwada ta a baki. "Ya tafi Jamus ta jiran gurbi." "'Yan jiran gurbi su matso kanta." "Kwanansa uku yana jiran gurbi a Dover." Yanzu ka gwada da rarar kujera ka ji. 'Yan rarar kujera? Sai ka ce zagi.

Alhaji Mai Gardama: Na ji. Amma ba ta nuna kyauta ba ce, kuma ba ta nuna ta soja ba ce.

Mai Fassara: Karon farko a rubutu zan sa "tafiyar jiran gurbi a jirgin soja", in yi bayanin kuɗin a jimla ta gaba, daga nan sai "jiran gurbi" kawai. Rashin soja a cikinta ma riba ce, don jiragen kasuwa su ma suna da masu jira ko wani fasinja zai fasa, kalmar za ta yi musu. Sauran kuma na ɗauka daga bakin Baba: sa suna, rukuni, kiran suna, shaida isowa, saukewa a hanya.

Ɗan Kamasho: Ni dai in zan gaya wa tsohuwata, rage hanya zan ce.

Malama Mai Koyar da Hausa: A hira ba laifi. A rubuce ne muke son wadda ba za ta yaudari mutum ba.

Wani Ɗalibi: Baba, to dawowa fa? Sunan da ka sa a Amurka shi zai dawo da kai?

Baba Ɗan Fansho: A'a ɗana. Kowace tasha da rajistarta, kuma tashar da ta ɗauke ka tana goge sunanka daga nata layin. Don haka tun kana gida, ranar da ka aika wa Dover ko Baltimore, ka aika wa Ramstein ma, har da Rota ta Sifaniya in kana ganin za ka iya ɓullowa ta can. Amma ka lissafa kwana 60 ɗin nan da kyau, kada sunan dawowar ya mutu kana tsakiyar ziyara. Kuma kada ka kafe sai jirgin da zai sauka inda ka bar motarka. In an samu gurbi zuwa wani sansanin Amurka, kamar Charleston ko McGuire, hau, ka tsallake tekun tukuna, sauran hanyar ka yi ta da motar haya.