Daga Legas zuwa Guangzhou: yadda nisan yake a jikin matafiyi

Ɗan kasuwa daga Agege: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiyata ta farko daga Legas zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin a watan Oktoba domin baje kolin Canton, kuma na ga cewa tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 11,700. Ina roƙon magabata da suka taɓa bin hanyar su bayyana mini yadda wannan nisa yake a jikin mutum.

Alhaji mai kayan waya, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sau huɗu na je, duka ta Addis Ababa. Daga filin jirgin Murtala Muhammed zuwa na Bole da ke Addis Ababa kusan kilomita 3,900 ne, sa'o'i biyar da ɗoriya, wanda kowa zai iya jurewa. Zango na biyu shi ne jan aiki, domin daga Bole zuwa filin jirgin Baiyun na Guangzhou kimanin kilomita 8,000 ne, wajen sa'o'i goma a kujera ɗaya. A tafiyar farko na cire takalmi na yi barci, da muka kusa sauka ƙafafuna sun kumbura har ya ƙi shiga, sai take dunduniyarsa na yi na fita. Tun daga nan kujerar bakin hanya nake nema, in riƙa tashi ina takawa, ina kuma shan ruwa sosai.

Hajiya mai yadi, Obalende: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ni lokaci ne ya fi wahalar da ni. Agogon Sin yana gaban namu da sa'o'i bakwai, kuma da yake gabas ake fuskanta, dare yana gajarcewa matuƙa. Mun bar Addis Ababa cikin dare, ban jima da rufe ido ba na ɗaga marfin taga na ga gabas ta yi ja, alhali agogon hannuna yana nuna tsakar daren Legas. Da ƙyar na samu Asuba a kan kujerata. Don Allah ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ka bar gida. Washegari da ƙarfe takwas na safe na kira 'ya'yana, na tashe su da ƙarfe ɗaya na dare, hankalinsu a tashe.

Malam daga Mile 12: Ka lissafa da zaman jira. Jirginmu ya makara daga Legas, na biyun ya tafi ya bar mu, na kwana a hanya ba ni da ko rigar canji domin komai yana cikin babbar jaka. Dawowa kuma takan ɗan fi tsawo saboda iskar sama da ke kaɗawa daga yamma.

Ɗan kasuwa daga Agege: Allah ya saka da alheri. Hajiya, kwana nawa kika yi kafin barcinki ya daidaita? Ina so in san ranar da ya kamata in isa kafin a buɗe baje kolin.