Wai su wa ke cin kuɗin Yankari?

Jikan Manomi: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke cina ko da za a zage ni. Jiya na dawo daga wajen kawuna can gefen dajin Yankari, wlh raina a ɓace na dawo. Bawan Allahn nan ya ci bashin taki buhu biyu ya zuba a masara, masara ta yi goyo har gemu ya fara bushewa, dare ɗaya giwaye suka fito suka bi ta ciki. Da safe na je na gani da idona, sawu kamar faranti, kara a kwance kamar an yi birgima a kai, ga kashinsu tuli tuli har da ƙwayar masarar a ciki. Bara ma haka aka yi mishi, ya kai kuka wani ofishi aka ce ya rubuto takarda, ya biya aka rubuta mishi ya kai, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Amma duk ƙarshen mako motoci masu baƙin gilashi na bi ta Mainamaji, garin da ƙofar dajin take, a biya kuɗin geti a shige, a yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan Wikki a ɗau hoto da gwaggon biri a fito a wuce, ko ruwan leda ba a tsayawa a saya sai ƙura da ake bar musu. Tun 1962 aka buɗe wurin nan ga masu yawon buɗe ido, sama da shekara 60 kenan. An hana farauta, an hana kiwo a ciki, an hana saran itace. To ni dai tambayata, me ƙauyawan nan suka samu?

Ɗan Alkaleri: Su wa ne ƙauyawa?

Jikan Manomi: Yaya, mutanen da ke zagaye da dajin nake nufi mana

Ɗan Alkaleri: A'a ka faɗa dai. Ka zauna a birni ka sha ruwan famfo kwana biyu shi ne za ka kira iyayenmu ƙauyawa. Ni a nan aka yanke cibiyata kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Gwamna Bala Mohammed ɗan Duguri ne, nan cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, shi ma baƙauye ne a wajenka?

Malamar Firamare: Ƙanena gaskiya kalmar ba ta yi daɗi ba. Mutanen karkara ake cewa. Baƙauye a bakin Bahaushe ai ba mazaunin ƙauye kawai ba ne, wanda bai waye ba ake nufi, in yaro ya shigo aji da riga a birkice shi 'yan'uwansa ke kira baƙauye. Ka gyara rubutun kawai a wuce wajen.

Jikan Manomi: Anti kawuna fa nake magana a kai, wan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, zan zage shi ne?

Bakano Ɗan Kwari: Haba jama'a. Wanda ke zaune a Kano Bakano, wanda ke zaune a ƙauye me za a ce mishi, bature? hhhh

Ɗan Alkaleri: Kai kuma wa ya sa da kai. Ku da duk wanda ba a cikin badala aka haife shi ba baƙauye ne a wajenku, har mutumin Zariya

Bazazzagi: Kar ka sa mu a ciki malam. Bakano ai ko Makka ya je tambayar farashin atamfa zai fara yi

Bakano Ɗan Kwari: Yaro na ya iso, gaida ubangidanka tukun

Tsohon Mai Gadin Daji: Assalamu alaikum. Ni na yi aikin daji shekaru kafin gwiwa ta hana ni, ku bar ni in ce wani abu a kan ainihin maganar. Abin da yaron nan ya faɗa na giwa gaskiya ne. Dajin ya fi murabba'in kilomita 2,200 kuma ba katanga gare shi ba, giwa ba ta san iyaka ba, da damina in amfanin gona ya nuna tana jin ƙanshinsa daga nesa. Mutane na kwana a gona da tocila da garwa suna bugawa, wasu su hura wuta, wani lokaci ta gudu wani lokaci ta zo kanka. Amma cewa ba a samu komai ba ban yarda ba. Da yawa cikin masu gadin dajin 'ya'yan garuruwan ne, akwai direbobi, masu shara, masu dafa abinci, masu raka baƙi. Kuma akwai waɗanda mafarauta suka harbe a bakin aiki, na yi jana'izar abokin aiki da hannuna, ba wanda ke tuna su. Matsalar ita ce masaukin baƙin yana can ciki, daga geti zuwa Wikki tafiyar kilomita 40 da wani abu ce, to baƙo a ciki zai ci a ciki zai kwana, mai tsire da mai masa na bakin hanya ba su gan shi ba sai bayan motarsa.

Ɗan Alkaleri: Baba Allah ya ƙara girma, amma kai ma ka ji ya ce ƙauyawa ko?

Tsohon Mai Gadin Daji: Na ji ɗana. Ni ma baƙauyen ne.

Ɗan Alkaleri: Baba kai ka yafe, ni ban yafe ba

Injiniya Ba Aiki: Ku bar batun kalma ku duba yadda wasu ƙasashe ke yi. A Ruwanda tikitin ganin goggon birin nan na kan duwatsu dala 1,500 ne mutum ɗaya, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen dajinsu suka samu ana mayar da shi garuruwan da ke kewaye, a gina aji a gina asibiti a ja ruwa. Da kashi 5 ne, a 2017 suka ninka. Shi ya sa mutumin wajen ke kallon dabbar a matsayin jari, in ya ga mafarauci shi zai fara kai rahoto. Mu nan manomi giwa asara kawai take jawo mishi, ta yaya za ka ce ya so ta

Bakano Ɗan Kwari: Dala 1,500 don a ga biri?? Kawo su gidan zu na Kano in nuna musu a naira dubu har da lemo

Hajiyar Gombe: Ni abin da ke ba ni haushi yadda 'yan Bauchi ke cewa Yankarinmu Yankarinmu. Lokacin da aka kafa wurin ai ba Bauchi ba Gombe, duk Jihar Arewa ce. Sai 1996 aka yanke mu. Gadon gida ɗaya ne ku kuka riƙe

Ɗan Alkaleri: Hajiya da girmanki. Ku da kuka ce a raba gari kuka tafi, yanzu kuma kun dawo neman gado. Haka kuka yi da man fetur na Kolmani da ke kan iyakarmu da ku, Buhari na zuwa ƙaddamarwa a 2022 kuka fara cewa naku ne

Hajiyar Gombe: Namu ne mana! Je ka duba taswira

Ɗan Alkaleri: Turo taswirar

Hajiyar Gombe: Data ta ta kusa ƙarewa, amma kowa ya sani

Jikan Manomi: Jama'a don Allah masara fa nake magana, ina ruwan kawuna da man fetur

Bakabe: Ku dai ku yi ta hwaɗa bisa biri da giwa. Mu Argungu tun 1934 muka kamun kihi, Sarkin Musulmi da kai nai ya taho anka yi bikin, UNESCO ta sa mu cikin littahi 2016. In biki ya zo mai ƙwarya shi samu, mai homa shi samu, mai shinkahwa shi saida, har ɗakin kwana mutane ka badawa haya. Wanga shi a yawon buɗe idon da talakka ka gani aljihu nai

Direban Bauchi: Bikin kwana huɗu a shekara shi ne za ka haɗa da Yankari da ke buɗe kullum? Kuma daga 2009 ba ku sake yi ba sai 2020, kifin ma ya manta da ku

Bakabe: Ko kwana guda na, ya hi wankan ruwan zahi

Direban Bauchi: Ka ga ka nuna ba ka taɓa zuwa ba. Wikki ba zafi ba ne, ɗumi ne, digiri 31 dare da rana rani da damina, garau kana hango yashin ƙasa. Na kai baƙi ya fi sau hamsin

Malamar Firamare: Ni da muka kai ɗalibai da zafin Afrilu sanyi na ji shi

Direban Bauchi: Anti jikinki ne ya yi zafi ruwan bai canza ba

Malamar Firamare: To likita. Abin da na fi tunawa ma biri ne ya fizge ledar biredin wata yarinya a hannunta ya hau bishiya yana ci yana kallonmu, har muka dawo gida tana kuka

Ustazu: Ni tambayata ɗaya, wannan wanka maza da mata a ruwa ɗaya shi ne ci gaban karkarar da ake faɗa? Yaran garin suna gani fa. Kuɗin da zai zo da lalacewar tarbiyya gara babu

Direban Bauchi: Malam kai ma ka je, na gan ka a hoto

Ustazu: Kogunan dutse na Marshall na je gani, don ibra. Ban shiga ruwa ba

Bamaraɗe: Gaisuwa daga Nijar. Mu ma muna da irin wannan a Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawa suke yawo cikin gonakin mutane ba shinge. Suna cin wake suna cin mangwaro, manoma na ƙorafi kamar na kawunka, amma dai samarin wurin na samun na cefane da rakiyar baƙi. A watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a wurin, daga nan turawa suka ɗauke ƙafa. Raƙuman suna nan suna cin waken, kuɗin ne ya tafi. Wanda ya jingina tukunyarsa da baƙo ya san da haka

Ɗan Alkaleri: To ka gani, shi bai ce ƙauyawa ba, manoma ya ce. Haka mai tarbiyya ke magana

Jikan Manomi: Yaya na ji, na janye, mutanen karkara. Shi kenan? Yanzu a amsa min me suka samu

Ɗan Alkaleri: Janyewar dole ba janyewa ba ce. Kuma na san inda ka dosa, siyasa ce, zaɓe ya matso an ba ku kwangilar ɓata jiha

Injiniya Ba Aiki: Wace siyasa kuma? Daga 1991 zuwa 2006 wurin a hannun gwamnatin tarayya yake, daga 2006 ya dawo hannun jiha, gwamnoni nawa aka yi jam'iyyu nawa, ko a wane lokaci giwa ta daina cin masara?

Ɗan Alkaleri: Kai dama an san ɓangarenka

Babarbare: Ni dai na ji Baba ya ce an hana kiwo a ciki. To a tambayi Fulani ko sun ji wannan sanarwar

Ɗan Fulani: Ka ji bawana. Burtali duk an nome, mashaya an zagaye, rani ya yi ciyawa da ruwan kogin Gaji na cikin daji kore shar, saniya ta karanta allon sanarwa ne? In an kama ka kuma tara. Mu ma ƙauyawan ne ai ba wanda ya tambaye mu

Ɗan Alkaleri: Kai ma ka faɗa!

Ɗan Fulani: Ni da kaina nake, ina ruwanka

Hajiyar Gombe: Na samo taswirar amma ta ƙi buɗewa

Admin: To jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari tun la'asar, masu aiki na ƙorafi. Ga abin da aka tsayar a taƙaice. Na ɗaya, kowa ya yarda kalmar ƙauyawa ba ta dace ba kuma wanda ya faɗa ya amsa laifinsa, Allah ya kiyaye gaba. Na biyu, Baba da ya yi aikin da kansa ya tabbatar mana mutanen yankin suna amfana sosai, ayyuka sun samu, don haka zancen wai ba a samu komai ba ya faɗi. Na uku, an nuna da hujja Yankari ta fi Argungu nesa ba kusa ba, ɗan'uwanmu na Kabi ya kasa kare kansa. Maganar Kolmani Hajiya ba ta kawo taswira ba, ta Bauchi ce har sai ta kawo. Batun Ruwanda kuma ƙasarsu daban tamu daban, kar a riƙa kwaso mana abin waje ana sanyaya wa baƙi gwiwa, wurin nan shi ne abin alfaharinmu har a lambar motarmu an ambaci yawon buɗe ido. Masarar kawu Allah ya mayar da alheri, noma dama ya gaji haka.

Na rufe wannan maganar, wanda ya sake tayar da ita zan cire shi. Sannan masu son tafiya Yankari hutun Sallah ku yi min magana ta gefe, motata ce za ta je, saura kujera huɗu, kowa ya taho da abincinsa daga gida don ba ma tsayawa a hanya.